Yadda za ka tsirar da iri ka reni shuka a cikin ɗaki idan yanzu ka fara

Duk wanda ya zo min da kukan cewa ya shuka iri a roba a cikin ɗaki, ya tsiro da kyau har ya fara murna, sannan bayan sati ɗaya duk suka kwanta suka mutu, tambaya biyu nake masa kafin komai. Sau nawa kake ba su ruwa, kuma a ina ka ajiye su? Kusan kullum amsar ɗaya ce, safe da yamma yake ba su ruwa, wani ma har da rana, sannan yana ajiye su a lungun ɗaki ko kan tebur nesa da taga wai don kada rana ta ƙona su. To ai nan matsalar take, ruwa ya yi yawa haske ya yi kaɗan. Ni ma haka na fara, tire guda na tumatir na rasa a cikin kwana uku kuma wallahi abin ya dame ni sosai don na ɗauka irin ne ba shi da kyau, sai daga baya na gane da hannuna na kashe su. Shi ya sa nake son in yi bayanin nan dalla-dalla, daga ƙwayar iri har zuwa ranar da za ka fitar da shukar waje.

Bari mu fara da irin kansa. Idan yanzu ka fara, ka zaɓi abin da ba ya wahalar da mutum, kuma a ganina babu kamar tumatir, yana tsirowa da wuri, yana jure kuskure, ko ka ɗan manta da shi yana farfaɗowa. Bayansa sai yalo, kabeji, latas, tattasai. Attaruhu kuma yana da jan rai, shi sai mai haƙuri, zan zo kansa. Akwai waɗanda bai kamata ma ka rene su a ɗaki ba, kamar karas, saboda saiwarsa ita ce amfanin, da zarar ka tumɓuke ka dasa ta karkace ko ta rabu biyu, shi a shuka shi kai tsaye inda zai zauna. Kokwamba da kankana su ma ba sa son a taɓa musu saiwa, idan dole sai ka rene su to kowanne a kofinsa, kuma kada su wuce sati uku a ciki.

Idan ka sayi iri a fakiti ka duba kwanan watan da ke jiki. Iri abu ne mai rai, yana numfashi a hankali yana cin abincin da ke cikinsa, kuma kowanne da tsawon kwanansa. Na albasa shekara ɗaya ya fara rauni, na tattasai yakan kai shekara 2 zuwa 3, na tumatir yakan kai 4 ko ma fiye idan an adana shi da kyau. Abin da ke kashe iri a ajiye shi ne zafi da danshi. Shi ya sa babban rumbun adana iri na duniya da aka buɗe a Svalbard ta ƙasar Norway a shekarar 2008 yake cikin dutse, a sanyin digiri 18 ƙasa da sifili. Kuma akwai ƙwallon dabino da aka tono a Masada, wani tsohon kango kusa da Tekun Gishiri a Isra'ila, ya yi kimanin shekara 2000 a bushe, aka shuka shi a 2005 ya tsiro ya zama bishiya, abin da ya riƙe shi duk wannan zamanin bushewar wurin ce. Kai naka ba sai ka je da nisa ba, kwalba mai murfi da ke rufuwa gam, iri a bushe ƙamas, a ajiye a wuri mai sanyi da duhu, ko cikin firij, shikenan.

Wani abu kuma, idan ka ga an rubuta F1 a jikin fakiti, wannan irin aure ne, an haɗa iyaye biyu daban aka samo shi. Zai ba ka amfani mai kyau a karon farko, amma idan ka cire iri daga 'ya'yansa ka sake shukawa ba lallai su fito kamar uwar ba, kowanne zai ɗauko halin wani kaka. Wannan rarrabuwar ita ce wani masani mai suna Mendel ya yi bayani da koren wake irin na Turawa tun 1866. Don haka idan burinka ka riƙa ajiye irinka da kanka kowace shekara, nemi wanda ba F1 ba. Sannan idan ka buɗe fakiti ka ga irin ja ne ko shuɗi ko kore kamar an shafa masa fenti, magani ne aka sa masa na kashe fangas, wato ƙwayoyin cuta dangin fumfuna, ka wanke hannu bayan ka taɓa, kuma don Allah a nisanta shi da yara.

Mai son cire irin tumatir daga ɗanyen tumatir nunanne, ka lura da wannan yauƙin da ke lulluɓe da kowace ƙwaya, yana ɗauke da sinadarin da ke hana ta tsirowa. Matse shi a kofi, ƙara ruwa kaɗan, bar shi kwana 2 zuwa 3 ya yi tsami har ka ga fumfuna ta taso a sama, sai ka wanke, masu kyau za su nutse ƙasa, ka shanya su a inuwa su bushe sarai.

Kafin ka ɓata ƙasa da lokaci a kan tsohon iri, gwada shi. Ɗauki ƙwaya 10, jiƙa tishu mai kauri ka matse shi har ya daina ɗiga, jera su a kai, ninke, saka a leda ka bar bakin ledar a ɗan buɗe, ajiye a wuri mai ɗumi kana dubawa kullum. Idan 8 ko 9 suka tsiro irin lafiya lau. Idan 5 ne sai ka ninka yawan da za ka shuka. Idan 2 ko 3 ne gaskiya ka nemi sabo, don ko waɗanda suka tsiron yawanci raunana ne, Juma'ar da za ta yi kyau ai tun daga Laraba ake gane ta. Wasu da wannan hanyar ta tishu suke tsirar da duk irinsu sannan su mayar ƙasa, kuma tana aiki, amma sai ka kula, da zarar farar saiwa ta leƙo kamar rabin santimita ka ɗauke ta ka saka a ƙasa saiwar na kallon ƙasa, idan ka bari ta yi tsawo za ta shige cikin tishun kuma wajen cirewa ta karye. Idan ta riga ta shige kada ka ja, yanki tishun ka binne su tare, zai ruɓe da kansa.

Maganar jiƙa iri a ruwa kafin shuka, mutane na yawan tambaya. Ƙananan iri irin su tumatir da latas ba sa buƙata. Masu taurin ɓawo kamar kuɓewa da wake suna amfana da kwana ɗaya a ruwa, awa 12 ya isa, kada ya wuce 24, saboda iri na buƙatar iska kamar yadda yake buƙatar ruwa, idan ya daɗe a nutse shaƙewa yake ya ruɓe.

Yanzu ƙasa. Kuskuren da kusan kowa ke yi shi ne ya fita ya ɗebo ƙasar waje ya cika roba. A fili wannan ƙasar tana aiki, amma a cikin ƙaramar roba tana danƙarewa kamar bulo, ruwa ya kwanta a ciki, saiwa ta rasa iska, ga kuma ƙwayoyin cuta da irin ciyawa da ta kwaso. Abin da kake so shi ne ƙasa mara nauyi, mai riƙe danshi amma ruwa na wucewa. Akwai wadda ake haɗawa musamman don reno, yawanci da garin ɓawon kwakwa ko fit (ruɓaɓɓun tsiran fadama), a gauraya da falayit, wato waɗannan fararen ƙwayoyin marasa nauyi da ake samu daga dutsen aman wuta da aka gasa ya kumbura. Idan da kanka za ka haɗa, kashi biyu garin ɓawon kwakwa, kashi ɗaya falayit ko rairayi mai tsakuwa-tsakuwa da aka wanke, kashi ɗaya takin da ya ruɓe ya zama baƙi sumul ba ya wari, a tankaɗe shi. Ɗanyen taki sam kada ya kusanci jariran shuka, ƙona su yake. Idan ba yadda za ka yi sai da ƙasar waje, to ka jiƙa ta ka dumama ta har cikinta ya kai kamar digiri 80 na tsawon minti 30, ta huce sannan ka gauraya da rairayi. Gwajin da nake yi mai sauƙi ne, in jiƙa ƙasar in damƙa a hannu, idan ta dunƙule amma da na taɓa da yatsa ta wargaje to ta yi, idan ruwa na tsiyaya ta jiƙe da yawa, idan ta zauna kamar laka to sai an ƙara rairayi.

Mazubi kuwa kowanne ya yi, tiren reno mai ramuka, kofin roba, gindin gorar ruwa da aka yanke, zurfin santimita 5 zuwa 7 ya wadatar. Sharaɗi ɗaya ne kuma babu sassauci a kansa, dole a huda ƙasansa, huda uku ko huɗu. Idan tsohon mazubi ne da aka taɓa shuka a ciki, wanke shi da sabulu sannan ka tsoma a ruwan bilic, kashi 1 bilic kashi 9 ruwa, minti 10, ka ɗauraye.

Wajen shukawa, ka jiƙa ƙasar tun kafin ka zuba a mazubi, kada ka shuka a busasshiya sannan ka kwara ruwa, irin zai yi iyo ya taru a gefe ɗaya ko ya nutse can ƙasa. Cika mazubin, ɗan bubbuga shi a tebur ƙasar ta zauna, kada ka danna da ƙarfi. Zurfin rami kamar ninki biyu zuwa uku na kaurin ƙwayar, ga tumatir da tattasai wajen rabin santimita kenan. Mutane na binne iri da zurfi saboda suna ganin kamar sun kare shi, alhali abincin da ke cikin ƙwayar ɗan kaɗan ne, idan ya ƙare kafin tsiron ya iso sama shikenan ya mutu a hanya ba wanda ya gan shi. Latas ma ba a binne shi, a ɗora a sama a ɗan danna, don yawancinsa haske na taimaka masa ya tsiro. Saka ƙwaya biyu a kowane rami, rufe, yi feshi kaɗan, sannan ka rubuta suna da kwanan wata ka soka a jiki. Kada ka ce za ka tuna, tattasai da attaruhu da barkono suna jarirai kamanninsu ɗaya sak.

Sai ka lulluɓe saman da leda mai gani ko murfin roba don danshi ya zauna, ka ajiye a wuri mai ɗumi. A wannan matakin ɗumi ya fi haske muhimmanci. Tumatir na son digiri 21 zuwa 29, yana fitowa cikin kwana 5 zuwa 10. Tattasai da yalo sun fi son zafi, 25 zuwa 30, sukan ɗauki sati ɗaya zuwa uku. Attaruhu kan kai sati uku har huɗu, kuma a nan ne mutane ke karaya, su tona da yatsa su ga me ke faruwa su karya saiwar da ta fara fita, ko su zubar da ƙasar gaba ɗaya ana saura kwana biyu ya fito. Ka ƙyale shi. Latas shi akasin haka ne, sanyi yake so, 15 zuwa 20, idan zafi ya doshi 30 sai irin ya yi barci ya ƙi tsirowa ko da sabo ne. Kuma kada ka ɗora tire mai lulluɓe da leda a rana kai tsaye, cikin awa ɗaya zai dafa irin. Kullum ka ɗaga ledar na 'yan mintuna iska ta shiga, ka duba.

Ranar da ka ga tsiro na farko ya turo ƙasa a lanƙwashe kamar ƙugiya, ranar nan za ka cire ledar ka kai su haske. Ba gobe ba, ba sai sauran sun fito ba. Kwana ɗaya ko biyu a duhu ya isa ya lalata maka su.

To ga maganar haske, kuma a nan nake son ka tsaya ka karanta a hankali. Idonmu yana yaudararmu, ɗakin da muke gani da haske tar, a wurin shuka kusan duhu ne, hasken rana a fili ya ninka na cikin ɗaki sau ɗari ko fiye. Tsiron da bai samu haske ba miƙewa yake yana nema, sai ka ga ya yi tsawo siriri kamar zare, fari-fari, ganye ƙanana a can sama, mai shi kuma yana ta murna wai shukarsa na saurin girma. Wannan ba girma ba ne, wahala ce, ƙarshenta ya langaɓe ya kwanta. Lafiyayyen tsiro gajere ne, kara mai kauri, ganye kore shar, tazarar da ke tsakanin ganye da ganye kaɗan.

Idan taga za ka dogara da ita, sai wadda rana ke shigowa kai tsaye aƙalla awa 6, kuma a manne da tagar, ba a kan tebur can tsakiyar ɗaki ba. Za ka ga suna karkata wajen hasken, wannan abin, masanin halittu Darwin da ɗansa Francis sun gwada shi tun 1880, suka gano cewa kan tsiron ne ke gane inda haske yake sannan ya aika saƙo ƙasa kara ya lanƙwasa, daga baya aka gano sinadarin ana ce masa oksin, yana taruwa a ɓangaren inuwa ya sa wancan ɓangaren ya fi tsawo. Maganinsa ka riƙa juya tiren kullum, kuma ka jingina farin kwali ko wanda aka lulluɓe da takardar alminiyom a bayansu ya dawo musu da haske.

Amma gaskiyar magana, fitila ta fi taga. Ba sai ka nemi wata ta musamman mai launin shunayya ba, doguwar fitilar LED fara ta wadatar wa reno, ka duba jikinta ka ga an rubuta 5000K zuwa 6500K, wato farin haske irin na rana. A kunna awa 14 zuwa 16 a rana, a kashe awa 8, don shuka ma tana buƙatar dare, kada ka bar ta kunne awa 24. Ka samu taima ta soket ta riƙa kunnawa da kashewa da kanta, don mutum yana mantuwa. Ba ta cin wuta sosai, fitila mai wat 20 idan ta yi awa 16 ta ci wat-awa 320 kenan, bai kai kashi ɗaya cikin uku na yunit ɗaya ba. Babban sirrin shi ne kusanci. Ƙaramar fitila irin wannan ta tsaya santimita 5 zuwa 10 a saman ganye, kana ɗaga ta suna girma, shi ya sa ake rataye ta da sarƙa ko igiya. Idan ka ninka nisan, hasken da ke isa ganye raguwa yake sosai ba kaɗan ba, fitilar da ke manne a silin ba abin da za ta yi musu. Mai ƙarfi kuma, irin wadda aka ƙera don shuka, tana buƙatar nisa fiye da haka, ka bi abin da aka rubuta a kwalinta. Sa bayan hannunka a daidai kan ganyen na rabin minti, idan ka ji zafi to su ma suna ji, ɗaga ta. Idan ganye ya fara fari ko gefensa na naɗewa sama ta yi kusa, idan kara na miƙewa ta yi nisa, shukar da kanta za ta gaya maka. Kuma tunda ruwa da lantarki ne a wuri ɗaya, soket da waya su kasance a sama, nesa da inda ruwa ke ɗiga.

Sai ruwa, wanda shi ne ya kashe min tiren farko. Saiwa tana numfashi, a cikin ƙasa akwai ƙananan ramuka da iska ke zama, idan kullum a jiƙe take sharkaf ramukan sun cika da ruwa, saiwa ta shaƙe ta fara ruɓewa, ganye ya yi yaushi, mai shi ya ga yaushi ya ce ƙishirwa ce ya ƙara ruwa, kaga an shiga zagaye kenan har a rasa ta. Kada ka ba da ruwa da agogo, ka ba da shi da buƙata. Ɗaga mazubin ka ji nauyinsa lokacin da ka gama ba shi ruwa, ka riƙe wannan nauyin a ranka, duk ranar da ka ɗaga ka ji ya yi sakayau kuma saman ƙasar ya bushe ya canza launi, ranar ce ta ruwa. Wani lokaci kullum ne, wani lokaci bayan kwana uku, ya danganta da zafi da iska da girman mazubi. Hanyar da ta fi ita ce ta ƙasa, zuba ruwa a faranti ko tire, ɗora mazuban a ciki minti 10 zuwa 20 su sha ta hudojin, da ka ga saman ya yi danshi ka ɗauke ka zubar da ragowar, kada su kwana a cikin ruwa. Ruwan kada ya zama mai sanyi ƙarara, wanda ya kwana a ɗaki ya fi, kuma da safe ake bayarwa.

Cutar da ke bin yawan ruwa ita ce wadda ke kwantar da jarirai dare ɗaya. Da yamma suna tsaye lafiya, da safe ka tarar sun faɗi, idan ka duba gindin karan daidai inda ya haɗu da ƙasa za ka ga ya tsuke ya yi ruwa-ruwa kamar an matse shi da farce. Ƙwayoyin cuta ne da ke zaune a ƙasa, irin su Pythium da Rhizoctonia da Fusarium, suna son danshi da rashin iska da cunkoso. Wanda ya kamu ba ya tashi, babu maganin da zai dawo da shi, cire shi da ƙasar da ke kewaye da shi ka jefar tun kafin ya shafi na kusa, ka rage ruwa, ka ƙara iska. Ita wannan rigakafi kawai ake mata, mazubi mai tsabta, ƙasa mai tsabta, saman ƙasa ya riƙa bushewa, da fanka.

E, fanka. Ƙaramar fanka a mafi ƙarancin gudu, daga nesa, yadda ganye zai riƙa ɗan motsi kawai ba ya kwanta ba, awa biyu zuwa uku a rana ko fiye. Bayan busar da saman ƙasa, motsin yana sa kara ya yi kauri ya yi ƙarfi, shuka tana jin ana kaɗa ta sai ta rage tsawo ta ƙara gwaɓi. Ko shafa su da tafin hannu a hankali sau da yawa a rana yana yin wannan aikin, musamman tumatir.

Wani lokaci tsiro kan fito da ɓawon irin a maƙale a kansa kamar hula, ganyen sun kasa buɗewa. Kada ka fizge, garin gyaran gira a rasa ido, sau da yawa kan ne ke cirewa gaba ɗaya. Ɗiga masa ruwa ɓawon ya yi laushi, jira minti 15, maimaita, yawanci da kansa yake zamewa, idan ya ƙi bayan kwana ɗaya sai ka taimaka masa a hankali da tsinke.

Ganye biyun farko da kake gani ba su ne ganyen gaskiya ba, na cikin iri ne, su ne guzurin da tsiron ya taho da shi, shi ya sa ba sa kama da ganyen shukar. Bayansu ne ganyen ainihi ke fitowa daga tsakiya, na tumatir mai yanka-yanka da gashi. Kafin wannan ganyen ya fito kada ka ba da taki ko kaɗan. Idan ya fito, taki na ruwa, ka sirka shi zuwa kashi ɗaya cikin huɗu na abin da aka rubuta a jiki, sau ɗaya a sati ko kwana 10, kuma a kan ƙasa mai danshi ba busasshiya ba. Idan haɗin ƙasarka akwai ruɓaɓɓen taki to za ka iya ƙara jira. Bakin ganye ya ƙone ya yi ruwan ƙasa, taki ya yi yawa, ka wanke ƙasar da ruwa zalla. Ganyen ƙasa ya yi rawaya shukar ta tsaya cak, ko yunwa ce ko yawan ruwa, kuma ka fara zargin ruwa tukuna. Bayan ganyen tumatir ya yi shunayya, yawanci sanyi ne ya hana saiwa jan fosfaras, wani sinadarin abincin shuka da ke cikin ƙasa, da wurin ya yi ɗumi yake warwarewa. Su kuma ganye biyun farkon idan suka yi rawaya suka faɗi bayan sati biyu ko uku ba komai, aikinsu ne ya ƙare.

A daidai wannan lokacin ne za ka rage su. Ramin da biyu suka fito, zaɓi mai kaurin kara, ba mai tsawo ba, ka yanke ɗayan da almakashi a gindi. Kada ka tumɓuke don saiwarsu a sarƙe take. Na san yana da ciwo mutum ya yanke abin da ya rena, har yau ina jin haka, amma idan ka bar su biyu dukansu za su tashi a raunane.

Idan ka ga wasu ƙananan baƙaƙen ƙudaje na tashi daga ƙasar, alama ce ta danshi ya yi yawa, tsutsarsu na cin ƙananan saiwoyi. Bar saman ya bushe sosai tsakanin ban ruwa, ka kafa katin nan rawaya mai gam ya kama manyan. Ka riƙa leƙa bayan ganye kuma, can ƙwari ke ɓuya.

Idan shuka ta yi ganyen ainihi biyu zuwa huɗu, ko ka ga saiwa na leƙowa ta hudar ƙasa, ko ƙasar na bushewa cikin rabin yini, lokacin canza mata mazubi ya yi, mai faɗin santimita 8 zuwa 10. Ba ta ruwa awa ɗaya kafin nan, matsa gefen mazubin, kifa shi a tafin hannu ta fito da ƙasarta. Idan dole ka riƙe ta, riƙe ganye, kada ka riƙe kara, ganye idan ya yage wani zai fito amma kara idan ya murƙushe an gama. Tumatir yana da wata baiwa, duk inda karansa ya shiga ƙasa saiwa yake fitarwa, don haka ko ya riga ya yi tsawo siriri za ka iya binne shi har zuwa wajen ganyen farko ya dawo gajere mai ƙarfi. Tattasai da yalo ka bar su kusan daidai zurfin da suke, ɗan ƙari kaɗan ba laifi. Bayan canjin za su iya yin yaushi na yini ɗaya, rage musu haske kaɗan, za su miƙe.

Tumatir yakan yi sati 5 zuwa 7 daga shuka kafin ya isa dashe, tattasai da attaruhu 8 zuwa 10. Amma kada ka ɗauke su daga ɗaki kai tsaye ka dasa a rana, duk wahalar wata biyu za ta tafi a yini ɗaya, ganyen da ya tashi a ƙarƙashin fitila fatarsa siririya ce, rana za ta ƙona shi ya yi fari kamar takarda, iska kuma ta karya kara. Sai an saba musu a hankali, kwana 7 zuwa 10. Ranar farko awa ɗaya ko biyu a inuwa inda babu iska mai ƙarfi, ka dawo da su. Rana ta biyu da ta uku ƙara awanni, har yanzu a inuwa. Daga ta huɗu su fara ganin ranar safe awa ɗaya, gobe biyu, jibi uku, a haka har su yini a waje, sannan su kwana biyu a waje kafin dashe. A kwanakin nan ka daina ba su taki, ka ɗan rage ruwa amma kada su kai ga yaushi, kuma ka sani a waje mazubi na bushewa da sauri fiye da yadda ka saba a ɗaki, don haka ka riƙa ɗaga shi kana jin nauyi sau biyu a rana.

Dashen kansa da yamma ake yi ko ranar da akwai gajimare, yadda za su samu dare guda su huta kafin rana ta same su. Haƙa ramin tun kafin ka fitar da shukar daga mazubi don kada saiwa ta sha iska, tumatir tazarar santimita 45 zuwa 60 tsakaninsu, tattasai 30 zuwa 45, saka ta da ƙasarta, mayar da ƙasa ka ɗan danna da tafin hannu, sannan ka ba ta ruwa sosai a gindi har ƙasar ta zauna. Idan rana na da zafi ka yi musu 'yar inuwa da kwali ko yadi na kwana biyu zuwa uku, kuma sandar da tumatir zai jingina ka kafa ta a ranar, don idan ka bari sai ya girma, wajen soka ta za ka tsinka masa saiwa.